Lacca: Abin da ke riƙe da igiyoyin DNA biyu

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Abu huɗu za mu taɓa yau: sassan DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta, yadda igiyoyinsa biyu ke riƙe juna, girmansa, sai tarihin gano shi.

Na farko, sassa. Kowane guntu sunansa nukiliyotaid, kuma abu uku ne a haɗe: fosfet, da sukari mai kabon 5 da ake kira diyoksiraibos, da harafi ɗaya cikin huɗu, wato adenin, taimin, guwanin ko saitosin. A, T, G, C ke nan. Ku ɗauke shi kamar tsanin da aka murɗa: sukari da fosfet su ne sandunan gefe, haruffan su ne matakan. Fosfet ɗin cajin nagetif gare shi, shi ya sa in kun zuba DNA a jel, wato abin nan mai kauri da ake tace guntayen DNA a cikinsa, kun kunna wuta, ɓangaren fozitif yake nufa. Wanda ya juya wayoyi, samfurinsa ta baya zai sulale ya bi ruwa, aikin yini ya tashi a banza.

Na biyu, kuma nan nake so ku ba ni hankalinku. Me ya sa A sai da T, G sai da C? A da G manya ne, zobe biyu-biyu gare su. T da C zobe ɗaya-ɗaya. Faɗin DNA kuwa nanomita 2 ne daga farko har ƙarshe, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Babba da babba, wuri ya yi kaɗan. Ƙarami da ƙarami, ba za su kai ga juna ba. Dole babba da ƙarami. To, me ya hana A ta kama C? Wuraren ba da haidirojin da na karɓa ba su fuskanci juna ba. A da T maɗauri biyu na haidirojin, G da C uku. Biyu da uku, ku rubuta. Biyu da uku! Tun wajen 1950 Erwin Chargaff ya auna ya ga yawan A daidai yake da na T, na G da na C. In A kashi 30 ce, T ma 30, G da C 20-20.

Ga amfaninsa a ɗakin gwaji. A na'urar PCR, wadda ake kwafin DNA da ita, a digiri 95 na ma'aunin Celsius ake raba igiyoyin, a sauko wajen 55 zuwa 60 furaima, wato ɗan guntun DNA da ake fara gini daga kansa, ta kama, a hau 72 a gina sabuwa. Zafin nan maɗauran haidirojin yake kwancewa, sandunan gefe suna nan ƙalau, don nasu ɗaurin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yankin da G da C suka yi yawa taurin kai gare shi, ba ya buɗewa da wuri, sai ka duba jel ka ga wayam. Kuma kada ku ce ƙarfin duka daga haidirojin yake. Yadda haruffan ke kwance kan juna a jere ya fi shi tasiri. Af, igiyoyin ma ba gefe guda suka fuskanta ba, ɗaya ta yi sama, ɗaya ta yi ƙasa.

Lokaci ya ja. Na uku... a'a, bari mu haɗe girman da tarihin. Tsakanin mataki da mataki nanomita 0.34, murɗa guda matakai 10 da ɗan ɗori, DNA na ƙwayar halitta ɗaya ta mutum in an miƙe shi kusan mita 2. Friedrich Miescher ya fara ware shi daga mugunya a 1869, hoton da aka ɗauka a ɗakin gwajin Rosalind Franklin a 1952 ya nuna murɗin, James Watson da Francis Crick suka fitar da siffar a 1953.

Na'am, malama? Ta ce ina sikila ta shigo? Harafi ɗaya ne, malama, a kuromosom, wato ƙunshin DNA, na 11. GAG ya koma GTG, sai tubalin furotin da ake kira balin ya maye gurbin wani tubalin, gulutamik asid, a wuri na 6 na sarƙar beta ta himogulobin, wato furotin da ke ɗaukar oksijin a jini. In oksijin ya yi ƙasa, himogulobin ɗin ya manne wa juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe. AS da AS, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne yiwuwar SS. Kowane ciki, ba wai ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Gwajin da aka fi yi kafin aure kuma himogulobin yake dubawa, ba DNA ba, don haka wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce ya faɗa wa mai gwajin, domin jinin wani na iya ɓata sakamakon.