Garin da Ya Sani Ya Yi Shiru: Jama'a a Tsofaffin Gajerun Labaran Amurka

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanku da war haka.

Labarin da aka fi ba mu game da Amurka shi ne can kowa tasa ta fisshe shi. Amma duk wanda ya zauna ya karanta tsofaffin gajerun labaransu zai tarar da wuya a bar mutum shi kaɗai. Kullum gari na biye da shi, ya zuba masa ido, yana ƙirga shigarsa da fitarsa. A nawa karatun, garin nan shi ne babban mai laifi a yawancin labaran, kuma laifin nasa guda ne: ya san abin da ke faruwa, bai motsa ba.

Abin ya samo asali da nisa. Nathaniel Hawthorne ɗan garin Salem ne, inda aka rataye mutum 19 a shekarar 1692 bisa zargin maita, kuma wani kakansa, John Hathorne, na cikin alƙalan. A labarinsa na 1835, "Young Goodman Brown", wani matashi ya shiga daji da dare ya tarar da limamin cocinsu, da tsohuwar da ta koya masa addini, har da matarsa, a taron Shaiɗan. Mafarki ne ko ido biyu, marubucin bai yanke ba. Shi dai mutumin bai sake yarda da kowa ba har ya mutu.

Inda nake so mu ɗan daɗe shi ne "A Rose for Emily" na William Faulkner, 1930. Ku lura da wanda ke ba da labarin: mutanen garin Jefferson ne a haɗe, "mun gani", "mun ce", "mun ɗauka". Emily 'yar babban gida ce da arziki ya gudu ya bari. Bayan rasuwar mahaifinta magajin gari ya yafe mata haraji a 1894. Sai ta fara fita da Homer Barron, shugaban leburorin gyaran hanya, kuma mutumin jihohin Arewa na Amurka. A Kudancin ƙasar, inda garin yake, wanda bai gama lasar raunin yaƙin basasar Amurka ba, wannan abin kunya ne, gari ya ɗauki tsegumi.

To, ku biyo ni a hankali. Ta je kantin magani ta sayi guba, ta ƙi faɗin abin da za ta yi da ita. Mai kanti ya sayar mata, aka rubuta a jikin kwalin cewa ta ɓera ce. Washegari gari ya ce za ta kashe kanta, har da cewa hakan ya fi mata. Homer ya shiga gidan wata rana da almuru, ba a ƙara ganinsa ba. Sai wari ya fara tashi. Maƙwabta suka kai ƙara, tsohon alƙalin da ke riƙe da gari ya ce shi ba zai dubi idon mace mai daraja ya ce mata tana wari ba. Mene ne mafita? Maza huɗu suka lallaɓa bayan tsakar dare kamar ɓarayi, suka barbaɗa farar ƙasa a kewayen gidan, wari ya lafa. Guba, ɓatan mutum, wari. Yaron goye ma zai haɗa lissafin nan. Shekara arba'in bayan haka, sai da suka binne ta tukuna suka fasa ƙofar ɗakin sama, suka tarar da ƙasusuwan Homer a kan gado, ga silin furfura a matashin da ke gefensa. Kuma masu ba da labarin da bakinsu suka ce dama sun san da ɗakin. Ni ban ɗauki wannan a matsayin labarin mahaukaciya ba. Ikirari ne na garin da ya zaɓi ladabi a kan ran mutum.

Kada wani ya ce halin Turawan Kudu ne kawai. Zora Neale Hurston ta tashi a Eatonville ta jihar Florida, garin baƙaƙen fata zalla, kuma ba ta ɗaga wa nata ƙafa ba. A "Sweat", 1926, Delia mai wankau ce, shekara goma sha biyar tana ciyar da miji, Sykes, yana dukanta, yana kashe kuɗi a kan wata. Ran Asabar da rana tsaka ta wuce da keken dokinta tana raba kayan wanki, maza na zaune a barandar kantin Joe Clarke suna shan rake. Majalisa ce sak irin ta bakin titi da muka sani. Babu abin da ba su sani ba. Suka yi ta tsine wa Sykes, wani dattijo ya ce a ja shi fadama a zane shi da bulala, kowa ya gyaɗa kai. Sai zafi ya kashe musu jiki, hira ta koma kan kankana. Da Sykes ya kawo mugun maciji gida a akwati don ya razana ta, gari ya zo, amma kallon maciji ya zo yi. Daga ƙarshe macijin ya sari Sykes ɗin, Delia na jin kururuwarsa daga waje ba ta kai masa ɗauki ba. A wurin wa kuke jin ta koyi tsayawa kallo?

Na san wani zai kawo mini labarin Susan Glaspell, "A Jury of Her Peers", 1917, inda mata biyu suka ɓoye gawar wani ɗan tsuntsu, shaidar da za ta iya kai maƙwabciyarsu ga igiya bayan an shaƙe mijinta. Gaskiya ne, can an motsa. Sai dai an motsa bayan an yi gawa, kuma ɗayarsu da kanta ta kira rashin leƙa maƙwabciyar da ta yi tsawon shekaru laifi.

Shirley Jackson ce ta kai abin maƙura. "The Lottery" ya fito a mujallar The New Yorker ran 26 ga Yuni, 1948. Ƙauye ne mai mutum kamar 300, safiya mai daɗi, yara na tara duwatsu, mata na gaisawa. Kowane magidanci ya zaro takarda daga wani tsohon baƙin akwati, ana sauri a gama kafin abincin rana. Ƙuri'a ta faɗa kan Tessie Hutchinson, wadda ta zo a makare tana raha. Ba ta taɓa cewa al'adar ba ta da kyau ba, sai da ta faɗo gidanta ta fara ihun ba a yi adalci ba. Aka jefe ta, har ƙaramin ɗanta an miƙa wa tsakuwa. A nan ba mai kallo, kowa da hannunsa a ciki, saboda haka ba wanda za a kama.

Wasiƙu suka yi ta kwarara ɗaruruwa, wasu suka daina sayen mujallar. Jackson ta faɗa daga baya cewa yawancin wasiƙun farko ba ma'anar labarin suke nema ba. Tambayarsu ita ce a wane gari ake wannan ƙuri'a, kuma ko za a bar su su je su yi kallo.

Mai tambaya, bismillah.