Koyon sanya bututun numfashi da fibroskop kafin a taɓa majinyaci

Assalamu alaikum. Malamai abokan aiki, da ku ƴaƴana ɗaliban likitanci, barkanmu da yamma. Abubuwa huɗu za mu taɓa a yau: mene ne fibroskop, wane majinyaci ke bukatarsa, yaya ake koyonsa, kuma yaya ake gane wanda ya iya. Na baya su matso, akwai kujeru a gaba, kuma na yi alkawari ba zan tambayi wanda ya zauna kusa da ni ba.

Na farko. Idan aka sa mutum barci domin tiyata, galibi sai an zura masa bututu a maƙogwaro don a riƙe masa numfashi. Tun 1943, lokacin da Robert Macintosh na Oxford ya fito da laringoskop ɗinsa mai lanƙwasa, wato ƙarfe mai fitila da ake leƙa maƙogwaro da shi, yadda muke yi shi ne mu buɗe baki, mu ɗage harshe, mu hango ƙofar maƙogwaro. Sharaɗinsa dai baki ya buɗu, wuya kuma ya motsa. Shi kuwa fibroskop siririyar igiya ce mai ɗauke da dubban zaruruwan gilashi, wasu na kai haske, wasu na dawo da hoto, don haka yana bin hanya duk yadda ta karkace, bututun kuma a kan igiyar ake zura shi ya bi ta. A 1967 Peter Murphy a Ingila ya fara ba da rahoton sanya bututu da irin wannan na'ura.

Na biyu ba ya bukatar dogon bayani a Damagaram, garin da ƙungiyar Sentinelles take kula da yara masu cutar noma, wadda ke cin naman baki da fuska, tun 1992. Yaron da ya tsira daga noma, sau da yawa tabo yakan ɗaure masa muƙamuƙi har cokali ba ya shiga bakinsa, balle laringoskop. Ku haɗa da mai babban maƙoƙo, da wanda ƙuna ta manne masa haɓa da ƙirji, da wanda ciwon haƙori ya kumbura masa ƙarƙashin harshe. Idan babba ne, akan fesa masa lidokain, maganin kashe zafi, a hanci da maƙogwaro, a zura bututun yana farke, yana numfashi da kansa.

To ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Lissafin da Benumof ya wallafa a 1997 ya nuna cewa lafiyayyen baligi da aka shaƙa wa oksijin sosai, idan numfashinsa ya tsaya, yana da kimanin minti 8 kafin oksijin na jininsa ya sauka zuwa kashi 90 cikin ɗari, yaro mai kilo 10 kuma ba ya kai minti 4. A cikin waɗannan mintocin ne za a ce ɗalibi ya fara neman inda babban yatsansa yake? Motsin fibroskop uku ne kacal: ka tura ko ka janyo, ka juya shi da wuyan hannu, ka lanƙwasa bakinsa da babban yatsa. Sai dai idan ka danna makunnin da ke ƙarƙashin babban yatsanka ƙasa, bakin sama yake yi, kuma ba ya duban dama ko hagu da kansa, sai ka juya na'urar gaba ɗaya. Idan igiyar ta yi sako-sako tsakanin hannuwanka biyu, za ka yi ta juyi a sama, bakin yana ƙasa bai san kana yi ba. Ku miƙe igiyar. Ina maimaitawa, ku miƙe igiyar, idan gadon ya yi muku tsawo ku hau kan ɗan benci, babu abin kunya a ciki.

Wannan duk aikin hannu ne, kuma ba ya bukatar ɗan Adam. A kasuwarmu, dukawa ba sa ba yaron shago fata mai kyau ya fara gwada wuƙa, guntaye ake tara masa. A 2001 Naik da abokan aikinsa a Toronto suka raba sababbin likitoci gida biyu, wasu aka yi musu lacca, wasu aka ba su wani ɗan akwati mai ramuka su yi ta bi da fibroskop, kuma da aka shiga ɗakin tiyata ƴan akwati suka fi sauri da nasara. Kun ji matsayin lacca, har da wannan da nake yi muku. A 2008 masu bincike a Toronto dai suka gwada akwatin da na'urar kwamfuta mai tsada, ba su sami wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Saboda haka idan aka ce mini ba za a fara horo ba sai an sayo mutum-mutumi mai ƙifta ido daga Turai, ban yarda ba. Kwali, da guntayen sirinji da aka yanke, da harafi da aka rubuta a ƙarshen kowane rami domin ɗalibi ya karanto mana, sun isa a fara. Kuma gara a yi kaɗan kullum da a kwana ana yi sau ɗaya a shekara.

Bayan akwati sai kan mutum-mutumi, a nan ne ido zai koyi hanya: murfin maƙogwaro, igiyoyin murya, zobban maƙogwaro, har mararrabar da ta rabu zuwa huhu biyu. Idan hoto ya koma ja fes, ka kifa bakin a jikin nama ne, sai ka janyo baya har ka ga abin da ka sani. Na uku, ko na huɗu muke? Ko ma dai wanne ne, idan bututun ya maƙale a ƙofar maƙogwaro kada a danna da ƙarfi, a ɗan janyo shi, a juya shi hagu kwatan zagaye, a sake turawa. Kada kuma wani ya rufe akwatin ajiya a kan igiyar, domin duk zaren da ya karye baƙin ɗigo ne a hoton har abada.

Na ga hannu. Bismillah, ɗiyata.

Ta ce: "Malam, mutum-mutumi ba ya tari, ba ya miyau, ba ya jin tsoro. Ashe ba zai ruɗe mu ba?"

Zai ruɗe ku idan kuka tsaya a kansa. Ɗigon jini ɗaya ko majina na iya rufe idon fibroskop, shi ya sa ake ba da maganin busar da miyau, a shirya injin zuƙa, a kuma yanke shawara tun kafin a fara kan abin da za a yi idan an kasa, har da buɗe hanya ta gaban wuya. Tsoro kuwa da baki ake maganinsa. Dattijon da ya zo daga Mirriya ko Tanut, za a zura masa igiya ta hanci yana kallo, dole a zauna a gaya masa da harshen da yake ji cewa maganin yana da ɗaci, zai yi tari, muryarsa za ta ɗauke idan bututun ya shiga, a kuma shirya da shi alamar da zai yi da hannu idan yana so a dakata. Wannan ma ana gwada shi a ɗakin horo: ɗayanku ya kwanta a matsayin Baba, ɗaya ya yi bayani, saura su saurara su faɗi kalmar da ba su gane ba. Batun gane wanda ya iya kuwa, an yi mini nuni da agogo, sai mun haɗu a gaban akwatin.