Likitan da ke Saman Jeri: Ƙwarewa ce ta Kai Shi ko Kuɗi?

Idan mutum ya shiga shafin intanet da ke tattara sunayen likitoci, ya rubuta ciwon da ke damunsa, yawanci sunan da ya fara bayyana yake dannawa, a zatonsa wanda ya fi ƙwarewa aka sa a gaba. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Galibin waɗannan shafuka kyauta ne ga majiyyaci, domin daga aljihun likitoci kuɗinsu yake fitowa: wani ya biya a ɗora sunansa a sama, wani kuma a caje shi kan kowane sabon majiyyaci da ya kama layi ta shafin.

Talla ba laifi ba ce, matuƙar an faɗa wa mai nema cewa talla ce. Ɓarnar tana faruwa ne idan aka cuɗa wanda ya biya da wanda bai biya ba a jeri ɗaya, mara lafiya kuwa ba shi da natsuwar tantancewa.

A watan Fabrairun 2018, babbar kotun tarayya ta Jamus ta umarci Jameda, wani shafin tattara sunayen likitoci a ƙasar, ya goge bayanan wata likitar fata. A lokacin, idan ka buɗe bayanan likitan da bai biya ba, sai ka ga tallan takwarorinsa da suka biya a gefe, amma wanda ya biya ba a nuna kowa kusa da shi. Kotun ta ce da wannan bambanci shafin ya daina zama ɗan ba-ruwanmu. Tun watan Mayun 2022 kuma, dokar kare masu saye ta Tarayyar Turai ta haramta nuna sakamakon bincike da aka biya wa kuɗi ba tare da an bayyana hakan a fili ba.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka danna suna, duba gefensa ko akwai alamar talla, wadda akan rubuta da ƙananan haruffa masu dusashen launi. Nemi inda shafin ya bayyana yadda yake jera sunaye, kuma idan akwai dama, sauya tsarin jerin zuwa kusanci ko fannin ƙwarewa. Lasisin likitan kuwa, a rajistar hukumar da ke ba likitoci izinin aiki ake tabbatar da shi, ba a shafin da ya karɓi kuɗinsa ba.