Malami ɗaya, aji biyu, ga kuma aikin coci

Saratu: Salama gare ku masu sauraro. Tun da aka koma makaranta maganar nan ke ta yawo a tsakanin 'yan Zumuntar Matasa. Yaro ko yarinya sun gama NCE, wato takardar shaidar koyarwa, a kwalejin ilimi ta Gidan Waya ko Pankshin ko Gindiri, an ɗauke su aikin koyarwa, an tura su ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Mama Rifkatu na nan, Bitrus ma na nan. Mama, daga ina za mu kama?

Rifkatu: Daga asuba mana, Saratu. Ranar malamin ƙauye da asuba take gyaruwa ko ta lalace. A makarantar gari akwai mai gadi da mai shara. A ƙauye kuwa, in hedimasta yana zaune a wani gari yana zuwa a kan babur, makullin ofis a hannun sabon malamin nan yake kwana, don shi ne ke zaune a ƙauyen. Ƙarfe bakwai ya riga ya iso. Ya raba yara, waɗannan shara, waɗannan ɗebo ruwa a randa, manyan 'yan aji shida su kori awakin da suka kwana a aji. Bakwai da rabi a buga ƙararrawa.

Bitrus: Ƙararrawar da ba ƙararrawa ba.

Rifkatu: Tsohon wilin mota ne a rataye a reshen mangwaro, amma ai har gona ake jin sa. To a yi layi, a duba farce da gashi, a yi taken ƙasa da alkawari, a yi addu'a. Ƙarfe takwas an shiga aji. Kuma kafin ya ce komai, rajista.

Saratu: Rajistar nan ita ce mutane suka fi tambaya a kai, Mama. Wai a kwaleji ba a tsaya an nuna musu sosai ba.

Rifkatu: Sau biyu ake kiran suna a rana, da safe da kuma bayan an dawo tara. Na safe a ja layi a karkace, na rana a ja wani ta ɗaya gefen, wanda bai zo ba a sa masa sifili. Kada ya bar gurbi fili da niyyar zai cika daga baya, nan kuskure ke shigowa. Ranar Juma'a sai lissafi. A ce yara 40 ne a aji. Kwana 5, sau biyu kullum, an buɗe makaranta sau 10 ke nan. 40 sau 10, 400. In ka tara zuwan yara ka samu 340, ka raba da 400 ka ninka da 100, kashi 85 ke nan. Maza daban, mata daban, sannan a haɗa. In jimlar da ka yi ta tsaye ba ta yi daidai da ta kwance ba, akwai yaron da ka tsallake. Jami'in da zai zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, rajista zai fara buɗewa, sai littafin shirin darasi, sai dayari inda ake rubuta abin da aka koyar a mako. In hedimasta bai sa hannu a shirin darasi ranar Litinin ba, kamar ba a rubuta ba ne.

Bitrus: Amma babban abin shi ne haɗa aji. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A ƙauye sai ka tarar aji shida, malamai uku, har da hedimasta.

Rifkatu: Shi ya sa nake cewa wanda bai iya haɗa aji ba zai sha wuya. Na farko, a haɗa maƙwabta, aji uku da huɗu, biyar da shida. Aji ɗaya kuwa a bar shi shi kaɗai in da hali, don su ba sa iya aiki ba mai tsaye a kansu. Na biyu, a raba allo da layi a tsakiya. In ɗakin yana da bango biyu masu kyau, gara a yi allo biyu, yaran su juya wa juna baya. Darasi minti 35 ne, ko? To minti 15 na farko kana tare da 'yan aji uku, 'yan aji huɗu suna yin aikin da ka riga ka rubuta musu tun kafin ƙararrawa. Sai ka juya. Minti biyar na ƙarshe duba littattafai. Abin da ke ɓata tsarin nan guda ɗaya ne: malami ya shigo bai rubuta aikin rukuni na biyu ba. Yana juya baya yana rubutu, aji ya zama kasuwa.

Saratu: Monita fa?

Rifkatu: A zaɓi wanda ya iya karatu, ba wanda ya fi ƙarfi ba. Kuma kada a ba shi bulala. Aikinsa ya nuna kalma da sanda a allo, 'yan uwansa su maimaita.

Bitrus: Tun da an zo kan allo, ni fa ina nan a kan bakana. Wajen baƙanta allo, baƙin garin da ke cikin tsohon batir ya fi gawayi kama bango.

Rifkatu: Bitrus, ka sake dawo da maganar batir ɗin nan?

Bitrus: Mama, gaskiya ce ai. A fasa batir, a kwaɓa baƙin da ruwa, allo ya yi baƙi ƙirin.

Rifkatu: Ya yi baƙi, hannun yaran da ka sa su shafa ma ya yi baƙi, da hannun kuma za su ci ƙosai a tara. Abin da ke cikin batir ba na taɓawa ba ne. Gawayi dai. A daka shi lukwi, a tankaɗe da rariya, a dama koko mara kauri ko a jiƙa ƙaro, a gauraya. A shafa da tsumma ranar Juma'a bayan an tashi, a bari ya sha iska, a sake shafawa.

Saratu: In kokon ya yi kauri fa?

Rifkatu: Sai ya ɓamɓare kamar ɓawon rogo. In kuma ya yi ruwa da yawa, rigar malami ce za ta kwashe shi.

Bitrus: Akwai masu sa ganyen dankali su murje da gawayin.

Rifkatu: Yana yi, amma ba ya daɗewa kamar ƙaro.

Bitrus: To kokon gero ko na masara?

Saratu: Kai Bitrus, allo za a shafa ko karin kumallo za a yi?

Bitrus: Tambaya ce mai muhimmanci. In ya rage ai ba a zubarwa.

Rifkatu: Wanda aka zuba wa gawayi? To Allah ya ba ka lafiya. Saratu, ja mu gaba.

Saratu: Mu zo kan coci, don nan ne saƙonnin suka fi zafi. Wata ta rubuto cewa tun makon farko aka ɗora mata makarantar Lahadi da koyar da mawaƙa da rubuta kuɗin baikon coci.

Rifkatu: Haka ake yi, ko a ECWA ne, ko COCIN, ko EYN, ko Katolika. Ƙaramar ikilisiya ta ga mai ilimi ya zo, sai murna. A ba shi sakataren matasa, a ba shi karanta Littafi Mai Tsarki ran Lahadi, a kawo masa wasiƙa ya rubuta, a kawo takardar asibiti ya fassara. Duk hidima ce mai kyau, ba na raina ta. Amma a lissafa mako: addu'ar safe kullum kafin gari ya waye, koyon waƙa sau biyu da yamma, nazarin Littafi a tsakiyar mako, Asabar sharar coci, Lahadi sujada har rana ta take. Yaushe zai duba littattafan yara 60? Yaushe zai rubuta shirin darasi na aji biyu? A ƙauyen da ba wuta, hasken yamma daga ƙarfe huɗu zuwa shida shi ne ofishinsa. Ni shawarata, ya je wurin fasto da dattawa tun makon farko, cikin ladabi, ya ce Baba, aiki ɗaya zan riƙe in yi shi da kyau. Makarantar Lahadi ta fi dacewa da shi, don yaran nasa ne. Kuɗin baiko kuwa kada ya yarda a ajiye a ɗakinsa. Albashi na iya makara, buƙata ta taso, ya taɓa da niyyar mayarwa, sunansa ya ɓaci a banza.

Bitrus: Kuma ajin nan aikin Ubangiji ne shi ma. Wasu suna ganin sai a coci ake hidima.

Rifkatu: Sosai. Sannan ga abin da ba a cika faɗa ba. Makarantar gwamnati ce, ba ta mishan ba. A ƙauyukan Kudancin Kaduna da Filato da Tafawa Balewa za ka tarar da yaran Fulani daga ruga a cikin aji, da yaran Hausawa 'yan kasuwa. Uban da ya cire yaro daga kiwo ya kawo maka, amana ya ba ka. Lokacin darasin addinin Kirista, in babu malamin addinin Musulunci, kada ka tilasta musu zama, kada kuma ka kore su rana su yi ta yawo. Ka ba su aikin lissafi ko rubutu a inuwa inda idonka ke kai wa, kuma ka sa kwamitin makaranta ya nemi malami daga ofishin ilimi a rubuce. A layin safe a ba kowane ɓangare damar addu'arsa. Da azumi a ɗauke musu noman gonar makaranta da guje-guje. Ka taka har ruga ka gai da ardo. In uba ɗaya ya ji an sa ɗansa abin da bai yarda da shi ba, ba yaro ɗaya zai janye ba, rugar gaba ɗaya ce.

Saratu: Rashin zuwan yara fa? Ranar kasuwa aji rabi.

Rifkatu: Ranar kasuwa kada a fara sabon darasi, a yi bita. Haka lokacin shuka, da lokacin haƙar citta a wajen Kachia da Jaba, da yankan acca. Gwaji kuma kada a sa shi a waɗannan ranaku, in ba haka ba makin zango zai fito da ramuka. Yaron da ya yi kwana uku bai zo ba, a je gidansu da yamma, kada a aika. In rafi ya cika kuwa, yaran tsallake su zauna a gida, ba wanda zai tsawata musu.

Bitrus: Ba mu taɓa maganar albashi ba, da rajista da TRCN, wato hukumar rajistar malamai, da yadda mai NCE ke farawa a matakin albashi na 7.

Saratu: Ga wurin kwana ma, musamman ga 'yan mata. Amma lokaci ya tafi.

Rifkatu: Na wurin kwana kalma ɗaya ce: ta nemi ɗaki a cikin gidan da akwai uwa, ta hannun shugabar Zumuntar Mata, ba ɗakin da ke shi kaɗai a bayan makaranta ba. Ƙofa da sakata ta ciki, gidan sauro, fitila mai cajin rana.

Saratu: Sauran sai mako mai zuwa. Bitrus, kai za ka buɗe da albashi.

Bitrus: In Mama ta bar ni na yi magana.

Rifkatu: Zan bar ka, muddin ba batir a ciki. Ku kwana lafiya.