Yadda zane ke tona aikin alƙalan tseren tafiya

'Yan uwa na Jidda, barkanku da war haka. Masu fita tattaki bakin teku bayan Isha'i, akwai waɗanda tafiyar nan ita ce gasarsu, har a wasannin Olamfik. Dokokinta biyu ne: kada ƙafafu biyu su bar ƙasa lokaci guda, kuma ƙafar gaba ta miƙe sambal tun daga taka ƙasa har ta zo daidai ƙarƙashin jiki. Amma fa ba na'ura ke yanke hukunci ba, idon alƙali ne.

A Olamfik ɗin Sidni a 2000, Bernardo Segura na Meziko ya riga kowa kammala kilomita 20. Yana kan waya shugaban ƙasarsu na taya shi murna, aka zo aka ce alƙalai sun kore shi saboda karya dokar taku. Zinare ya koma hannun Robert Korzeniowski na Folan.

To ku ɗauka ga allo a gabanku, mun zana misalin hukuncin da alƙalai suka yanke a wani tsere. A gasar titi alƙalai shida zuwa tara ne, kowa na aikinsa ba tare da shawartar ɗan uwansa ba. Kowane layi na tsaye alƙali ne, na kwance kuma ɗan tsere. Rawaya gargaɗi, ja kuwa jan kati, wato alƙali ya rubuta cewa ɗan tsere ya karya doka. Kun ga layin alƙali na huɗu? Ya yi jajur, na kusa da shi fari fat, alhali mutanen da suka wuce gabansu ɗaya ne. A takardar sakamako da wuya ka lura da wannan.

Sai dai kada mu yi saurin cewa na huɗu mugu ne. Mu ɗora katunan a taswirar hanya, wadda zagaye ne na kilomita ɗaya zuwa biyu. Wataƙila a kwana aka tsayar da shi, inda taku ke lalacewa. Sannan mu jera su bisa lokaci. In duk layukan sun yi ja a ƙarshen tsere, gajiya ce ta kama 'yan wasa. In na huɗun kaɗai ke ta rubuta jan kati tun kilomita uku, ko dai ya fi sauran ido, ko ya cika tsanani, kuma zane ba zai raba wannan gardama ba, sai an koma ga bidiyo.

Abin ba wasa ba ne: a kilomita 20, jan kati uku daga alƙalai daban-daban na tsayar da mutum minti biyu a gefe, na huɗu kuma sallama ce.