Wasan da ba a komai a cikinsa sai jira: me Beckett yake nufi?

Jama'a assalamu alaikum, yau kan wani wasan kwaikwayo na dandamali zamuyi magana, kuma tun yanzu in faɗa muku ba irin wanda kuka saba bane. Ana ɗaga labule abun da zaka gani hanyar ƙauye ce da wata busasshiyar bishiya, sai wasu mutum biyu cikin tsofaffin kaya, ɗayan yana zaune yana ta fama da takalminsa yaƙi fita. Sunansu Vladimir da Estragon amma Didi da Gogo suke kiran juna. Jiran wani mutum suke wai shi Godot, basu san kamanninsa ba, basu tabbatar nan ne wurin da akace su tsaya ba, kai ko ranar ma basu da tabbas. Suyi gardama, su shirya, suci karas, can da yamma wani yaro yazo yace Godot bazai samu zuwa yau ba amma gobe ba makawa. A kashi na biyu washegari ne da yamma, suna nan dai, bishiyar ta fitar da ganye huɗu ko biyar, yaro ya sake dawowa da saƙon jiya. A ƙarshe sukace toh mu tafi, kuma ko motsi basuyi ba, a haka aka sauke labule.

Wannan shine Waiting for Godot na Samuel Beckett, ɗan ƙasar Ayaland da ya zauna a Faris, da Faransanci ma ya fara rubuta shi tsakanin 1948 da 1949, aka fara nuna shi a watan Janairun 1953 a wani ƙaramin gidan wasa a Faris. Ku riƙe shekarun nan da kyau. Yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, mutum sama da miliyan 50 sun mutu, an ga sansanonin da Nazi suka riƙa hallaka mutane, an ga bam ɗin nukiliya a Hiroshima. Shi kansa Beckett yana cikin masu yiwa Jamusawa turjiya a ɓoye, a 1942 aka tona asirin ƙungiyarsu dole ya gudu wani ƙauye a kudancin Faransa yana aikin gona yana jiran yaƙi ya ƙare. Kenan jiran nan ba labari aka bashi ba.

A lokacin Turawa da yawa imaninsu ya girgiza, da na coci da na cewa ilimi da cigaba zasu gyara ɗan Adam, sai tambayar ta taso: to me muke yi a duniyar nan? Nan falsafar wanzuwa ta samu kasuwa. Jean-Paul Sartre, masanin falsafa ɗan Faransa, yace mutum fara samun kansa yake a duniya tukuna, daga baya shi zai zaɓi abun da zai zama, kuma nauyin zaɓin a wuyansa yake, ba wanda zai ɗorawa. Albert Camus kuwa, haifaffen Aljeriya, duk da yaƙi yarda a sa shi cikin ƴan wannan falsafa, a 1942 ya ɗauko tatsuniyar Girkawa ta Sisyphus, mutumin da aka yankewa hukuncin tura dutse saman tsauni, ya kusa kaiwa dutsen ya gangaro, ya sauko ya sake, har abada. Camus yace zuciyar mutum tana neman dalili duniya kuma tayi masa shiru, wannan cin karon tsakanin zuciya da duniya shi ya kira rashin kan gado.

Toh ga inda nake ganin Beckett ya sha bamban dasu. Sartre da Camus sun rubuta wasanni suma, amma cikin tsari suke maka bayani, hujja bayan hujja, cewa rayuwa bata da tsari. Beckett bai tsaya bayani ba, zaunar dakai yayi kusan awa biyu kaima ka jira, ka gaji, kayi dariya, kaji a jikinka. Shi da irinsu Eugène Ionesco, wanda littafin koyon Turanci ne ya bashi dabarar wasansa na farko a 1950, inda mutane ke ta zuba magana ba kai ba gindi, su ne wani mai sharhi Martin Esslin ya haɗa a littafinsa na 1961 ya kira aikinsu wasannin rashin kan gado.

Mutane sun dame shi da tambayar waye Godot, wasu sunce ubangiji yake nufi, shi dai ya musanta, yace wa wani darakta da ya sani da ya faɗa a cikin wasan. Mu da muke da imani tambayar me ya kawo mu duniya tana da amsa a wurinmu, wannan ba tantama. Amma wallahi jiran kansa mun san shi, duk wanda ya taɓa raka dattijo bin kuɗin fansho ana ce masa baba kayi haƙuri ka dawo gobe, ya san fuskar Didi da Gogo. Kuma ni abun da yafi taɓa ni a wasan ba Godot bane, mutanen nan biyu ne. Kullum sai Gogo yace gara su rabu, kullum washegari sai ya dawo, an lakaɗa masa duka cikin dare, Didi ya cire kwat ɗinsa ya lulluɓe shi yana masa waƙa yayi barci. Basu da komai, amma basu bar juna ba.

Ku duba yadda aka karɓe shi. A 1956 aka kai wasan Miami a Amurka, aka tallata shi a matsayin abun barkwanci, masu kuɗi suka zo suka riƙa ficewa tun ba'a gama ba. A shekarar da ta biyo baya, Nuwamban 1957, aka nuna shi a kurkukun San Quentin dake Kalifoniya gaban fursunoni kusan 1,400, ƴan wasan suna ta fargaba kar a musu ihu, sai gashi fursunonin sun nutsu har ƙarshe, don su ba sai an fassara musu meye jira ba. Daga baya ma suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo tasu a cikin gidan yarin, ɗaya daga cikinsu Rick Cluchey da aka yankewa ɗaurin rai da rai ya samu fita a 1966, kuma a 1977 Beckett da kansa, lokacin har ya ci kyautar Nobel ta 1969, shi ya bashi umarni a wani wasan nasa a birnin Balin.