Ƙirga gaɓoɓin kalma da wasalin da ya fi yawa a Turanci

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau daga birnin Lesta na ƙasar Ingila nake magana da ku, kuma sunan garin kansa ya isa ya buɗe mana darasin, domin a rubuce haruffa 9 ne, Leicester, amma a bakin mutanen garin gaɓa 2 ce kacal.

Mu Hausawa mun saba kowace gaɓa ta fito da wasalinta a fili, shi ya sa da muka ari kalmar bread muka cusa mata wasula ta zama burodi. Turanci ba haka yake tafiya ba. A kowace kalma akwai gaɓar da ake danna wa murya, sauran kuma a sassauta su, kuma a yawancin waɗanda aka sassauta wasalin yakan koma wani ɗan gajeren sauti da masana suke kira schwa. A ƙamus ana rubuta shi da harafin e da aka kifa, wato ə, kuma babu wasalin da ya kai shi yawan fitowa a Turancin baka. Ana furta shi ne baki a sake, harshe a tsakiya, ba a tura leɓe gaba ba, ba a kuma ja shi gefe ba.

Abin da ke wahalar da mai koyo shi ne, wannan sauti ba shi da harafinsa na kansa. Shi ne a farkon about, shi ne a ƙarshen lemon, shi ne kuma a gaɓar farko ta supply. Ku saurari banana: gaɓar tsakiya ce kaɗai take da cikakken wasali. Sannan idan muryar ta sauya wuri, shi ma sai ya bi ta, kamar yadda photograph take da nauyi a gaɓar farko, amma a photography nauyin ya koma ta biyu, ta farkon ta zama schwa. Kunnen kakanninmu ya kama shi tun tuni, domin shi ne suka ji a ƙarshen driver da motor a bakin Turawan Ingila, waɗanda ba su furta r ɗin ƙarshe, suka mayar da shi a, muka sami direba da mota.

To yaya za a ƙirga gaɓa? Ku dubi yadda na ɗora bayan hannuna a ƙarƙashin haɓa. Duk lokacin da haɓa ta sauko ta taɓa hannu, gaɓa ɗaya ke nan, sai dai ku lura cewa a kan schwa motsin kaɗan ne ƙwarai, don haka a furta a hankali. A wasu kalmomin ma schwa ɗin faɗuwa yake yi gaba ɗaya: chocolate gaɓa 2 ce a bakin mafi yawan mutane a nan, vegetable da comfortable kuma 3 kowacce. A ganina wannan ne ya fi cancantar malamanmu su ba shi lokaci a aji, domin ɗalibin da ya bai wa kowane harafi haƙƙinsa zai iya samun nahawu mai kyau, amma mai sauraronsa ya riƙa cewa ya maimaita.

Idan kun buɗe ƙamusun Oxford ko na Cambridge a intanet, ku fara neman ɗan layin da ke tsaye a sama, wanda ake sa wa kafin gaɓa mai nauyi, sannan ku danna alamar lasifika ku maimaita da hannu a haɓa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a huta lafiya.